Ranar da Mai Guga Ta Zauna

Mai Guga ita ce 'yar fari a gidan da maza suka biyo bayanta a jere, kuma tun tana ƙarama ta gane cewa a gidan akwai masu ci, akwai mai miƙowa. Kafin ta kai wa wannan ruwa, wancan ya zubar da nasa. Ta girma tana cin abincinta a tsaye a bakin murhu. Da ta yi aure ta tafi da halin nan tare da akwatinta. Bayan yara sun tasa ta sami aiki a wani shagon wanki da guga da ke ƙasan bene, inda babu kujera ko ɗaya, domin mai shagon ya yi imani kujera ke kawo hira, hira kuma ke ƙona riga.

Haka ta yi shekaru. 'Ya'yanta sun girma sun watse suna zaton uwarsu doguwa ce, saboda kullum daga ƙasa suke kallonta. A hoton iyali da ke rataye a falo kowa ya fito sarai, ita kuwa sai gefen kafaɗarta, don an ɗauka ne tana hanyar zuwa duba tukunya.

Mijinta mai gyaran sikeli ne, ya bar aiki, ya koma zama gadan-gadan. Yana da kujera guda a falo mai fuskantar taga, hannayenta sun goge, tsakiyarta ta lotsa daidai jikinsa.

Wata rana da yamma Mai Guga ta dawo daga shago, ta tarar maigida ya zaga bayi, kujera ba kowa. Ba ta yi niyyar komai ba. Ƙafafunta ne suka yanke shawara ba su tuntuɓe ta ba, sai kawai ta ji ta a zaune. Ta dubi tagar da ta daɗe tana gogewa, ta ga ashe akwai bishiya a waje, da shagon aski a tsallaken titi.

Maigida ya dawo ya yi turus.

"Faɗuwa kika yi?"

"A'a."

"To me kike nema a nan?"

"Ba komai."

Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin kujerar, ko wani abu ne ya faɗa ta danne shi. Bai ga komai ba. Washegari ta sake zama, kashegarinsa ma haka. Abinci bai fasa dahuwa ba, sai dai yakan makara. Maigida ya aika aka kira yayarsa, wadda a dangin ita ce mai sanin ciwo.

Yaya ta zagaya kujerar, ta kaɗa hannu a gaban idon Mai Guga, sannan ta ja ƙanenta gefe, ta yi masa magana da muryar da har maƙwabta ke ji.

"Na taɓa ganin irin wannan. Da zama ake farawa. Tana kallon taga?"

"Tana yi, Yaya."

"Shi ke nan, ciwon ya yi nisa. Gobe a kai ta asibiti, sashen masu ciwon tunani. Kwantar da ita za a yi. Gado ne da magani, abinci ma sai an kawo mata har bakin gado."

Mai Guga tana jin haka zuciyarta ta yi fari. Gado, abinci a kawo, kuma ba mai tambayarta inda safarsa take. Ta haɗa jaka da kanta, ta goge rigunan da za ta kwanta da su, ta ƙudurta a ranta cewa in dai ciwo ne ke sayen hutu, to za ta taimaka wa likita ya gano shi.

Likitar tunanin mace ce mai furfura a gaban goshi. An ture teburinta ya jingina da bango, kujerun ɗakin kuma duk tsayinsu ɗaya. Maigida ya ɗan yi dube-dube yana neman babbar kujera, bai samu ba, ya zauna a wadda ke kusa yana ƙunƙuni. Yaya ta zauna. Mai Guga ta tsaya a bayansu riƙe da jaka, don ba ta saba da wani abu ba. Sai likita ta miƙe ita ma.

"Mama, in kin tsaya, ni ma na tsaya."

Aka yi ta tsayuwa ana kallon juna, har Mai Guga ta ji kunya ta zauna.

"Kin gani ko?" in ji Yaya. "Ya motsa."

Likita ta juya ga Mai Guga. "Yaya barcinki?"

"Babu barci sam," in ji maigida. "Sai juyi."

"Cin abinci fa, Mama?"

"Ya lalace," in ji shi. "Ba ya zuwa kan lokaci, ga ƙwannafi."

"Gaba yakan faɗi?"

"Da an shiga falo an ga kujerar."

Likita ta cire tabarau. "Baba, wa ke fama da ƙwannafin?"

Tun ranar aurensu maigida ke amsa duk tambayar da aka yi wa matarsa, a kasuwa, a asibiti, a gidan suruki, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tantance.

"Ai gida ɗaya ne," ya ce.

Likita ta roƙe su su ɗan jira a waje. Yaya ta fita tana gargaɗi cewa matar nan ba ta iya magana ita kaɗai ba. Da aka rufe ƙofa, Mai Guga ta ga dama ta samu. Ta karkatar da kai, ta zuba wa bango ido.

"Ina jin muryoyi, likita."

"Me suke cewa?"

"Ina hulata? Ina shayi? Wa ya ɗauke almakashi?"

"Muryar wa?"

"Ta maigida."

"Yana gida lokacin da kike jin ta?"

"Yana nan a zaune."

Likita ta daure, ta kasa, ta fashe da dariya. Mai Guga ma ta bi ta, har da share hawaye. Daga nan ta faɗi gaskiya: ita dai gado take so, in da hali kusa da taga.

"Zan iya rubuta miki ciwo," in ji likita. "An sha yi wa mata haka. Mace ta gaji, a ce tunaninta ne ya taɓu, a ba ta ƙwaya ta yi shiru ta koma bakin aiki. Amma in na rubuta, duk zaman da kika yi alamar ciwo ce, kuma ranar da aka ce kin warke, tashi za ki yi. Ke kika fi ni sanin rayuwarki, Mama. Me kike so?"

An sha tambayar Mai Guga me za a ci, me za a saya, ina aka ajiye kaza. Wannan tambayar ba ta san inda ake kama ta ba. Ta juya ta a ranta kamar rigar da ba a gane gabanta da bayanta. Can ta ce, "In zauna, kuma lafiyata lau."

Aka dawo da maigida da Yaya. Likita ta tambayi maigida sana'arsa, da ya faɗa ta ce, "To Baba, in aka saita sikeli da dutsen da nauyinsa ba daidai ba, me ke faruwa?"

Fuskar maigida ta washe, ya gyara zama. Ya daɗe ba a tambaye shi wannan ba. "Duk abin da kika ɗora ƙarya zai faɗa miki! Kuma ba laifin kaya ba ne. Mutane sai su yi ta zagin kaya."

"Haka aikinmu ya daɗe. Waɗanda suka fara auna tunanin ɗan Adam yawanci maza suka auna, ɗalibai da sojoji, suka ce ga ma'auni. In aka ɗora mace bai yi daidai ba, sai a ce ita ce da matsala. Sai da matan da ke cikin aikin suka fara tambayar wa ya saita sikelin, kuma a wane gida matar ke zaune."

"Tsaye," in ji Mai Guga.

Maigida ya jinjina kai, ransa ya ɓaci ƙwarai a madadin sikelin. Sauran bayanin bai shige shi sosai ba. Ya dai tambaya ko akwai abin da za a ba shi na ƙwannafi, likita ta ce ya ci gaba da zuwa, su biyu, za a duba.

Aka koma gida da jakar da ba a buɗe ba. A bakin ƙofa Yaya ta kasa haƙuri.

"Wai me ta ce miki da kuka kulle kanku?"

"Ta ce lafiyata lau, Yaya."

Yaya ta ɗora hannu a ka. "Wannan ai ya fi muni! Ciwo ko ba komai yana da magani." Ta ja mayafinta ta tafi kai labari ga dangi.

Mai Guga ta ajiye jaka, ta wuce kai tsaye ta zauna a kujerar. Maigida ya tsaya a kanta. Daga sama ya ga ashe matarsa gajeriya ce, kuma tsakiyar kanta ya yi furfura bai san yaushe ba. Ya shiga ɗakin ajiya ya yi ta ƙarar kaya, ya fito da tsohuwar kujerar shagonsa mai ƙafa ɗaya gajera. Mutum ne da ba ya iya zama a kan abin da ya karkace, don haka ya durƙusa ya yi ta cusa kwali a ƙarƙashinta har ta daidaita, ya ajiye ta gefen matarsa, ya zauna.

Suka zuba wa titi ido.

"Wancan mai askin gwani ne," in ji ta. "Dubi yadda yake riƙe kan mutum."

"Ke ma kin lura? Ni na daɗe ina faɗa a raina."

Daga kicin butar shayi ta fara fito. Maigida ya dube ta. Ta dubi mai aski. Butar ta ƙara murya, ƙafafun Mai Guga suka ɗan motsa da kansu, ta danne su da tafin hannu. Daga bisani ta ji ƙarar kwali, da takun mutum yana jan silifa.

"Ke!" ya kira daga ciki. "Ta ina ake kashe wannan abin?"

"Na hagu," in ji ta, ba ta juya ba. "Ka murɗa shi dama. Kofuna suna sama."