Rashin Kawu Mai Tuta na Unguwar Tasha

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kawu Mai Tuta, tsohon mai tsaron shingen da titin mota ya ratsa layin dogo a unguwar tasha. Ya cika a kan benci a barandar asibiti, ana jiran a samo masa gado, bayan jinyar kwana tara. Shekarunsa saba'in da takwas.

Kawu, ba jini ne ya haɗa mu ba. Mahaifina direban jirgi ne, kai mai tuta, gidanmu yana kallon naka a kwatas ɗin ma'aikata. Amma na buɗe ido na ji ana cewa in kira ka Kawu, kuma har na girma ban ga dalilin canzawa ba. Kai kuwa ba ka taɓa kirana da sunana ba, kullum 'Yar Direba, har bayan na yi aure, har furfura ta fara fito mini.

A bakinka na ji yadda unguwarmu ta samu. Ka ce lokacin da ka zo neman aiki kana saurayi, ginin tasha ne kawai da tankin ruwa da layi biyu na ɗakunan ma'aikata, bayansu daji. Mutanen cikin gari ba sa zuwa sai in tafiya ta kama su. Sannu a hankali masu abinci suka kafa rumfuna saboda fasinjoji, 'yan dako suka yi bukkoki kusa da siton kaya, wani ya gina masauki, wani ya buɗe shagon ɗinki. Motoci suka fara jiran jirgi a bakin ƙofa, wurin ya zama tashar mota. Kafin a haife ni unguwar ta cika da mutanen da kowa da inda ya fito, kowa da harshensa, jiniyar jirgin safe ce ke tashin su gaba ɗaya. Kai kana tsakiya, cikin 'yar rumfarka ta katako, da jar tuta da koriya, kana sauke shinge kana ɗagawa. Shekara talatin da huɗu ka yi a wurin, ko akuya jirgi bai taɓa takewa a shingenka ba. Wannan kaɗai ne abin da na taɓa jin ka yi alfahari da shi.

Ina shekara tara kan jirgin mahaifina ya kauce daga dogo, aka kawo mana gawarsa. Ƙa'idar wurin aiki ita ce iyalin mamaci su bar ɗakin cikin wata uku. Umma ba ta da kowa a garin, ga mu mu huɗu. Ranar da wa'adin ya cika ka shigo tsakar gidanmu, ka ɗauki akwatinta ka ɗora a ka, ka ce, "Ku taso, an share muku ɗaki." Ɗaki biyu ne da kai. Ka ba mu ɗaya, Inna matarka da 'ya'yanku suka matsu a ɗayan, kai kuma ka koma kwana a rumfar shinge. Shekara biyu aka yi haka, har Umma ta samu aikin shara a makaranta muka kama namu wurin. Duk lokacin da ta buɗe baki za ta yi godiya sai ka ce ai rumfar ta fi iska, dama neman dalilin tserewa minsharin Inna kake. Sai da na girma na shiga rumfar nan na ga ko miƙe ƙafa mutum ba zai iya yi a cikinta ba.

Daga baya jirgi ya fara ƙaranci. Na kullum ya koma na mako, na mako ya koma sai an gani, har aka wayi gari shiru. Ciyawa ta rufe dogo. Siton kaya ya zama garejin makanikai, masaukin ya zama kango, taragun da aka bari a gefe kaji suka mayar da su akurki. An sallame ku daga aiki, abokanka da yawa suka koma garuruwansu, kai ka zauna. Akwai aiki guda da ba wanda ya sa ka, ba ka kuma taɓa fasawa ba: duk shekara kafin damina sai ka ɗauki shebur ka je ka yashe bakin tsohuwar kwalbatin da ta bi ta ƙarƙashin filin tasha. Waɗanda suka shimfiɗa dogon ne suka gina ta, ita ke kwashe ruwan unguwar duka ta fitar da shi bayan gari. Mu da muke wucewa ta samanta kullum ba mu ma san tana nan ba.

Bara aka ce jirgi zai dawo, muka yi murna. Ashe sabuwar tasha za a gina can nesa da gari, tsohuwar kuma an ba wani kamfani filinta ya yi rukunin shaguna da gadar sama. Aka bi gidaje ana shafa musu jan fenti, alamar za a tashi mutanen ciki a rushe. Katafila ta rushe ginin tasha cikin yini guda, ta ture tankin ruwa, ta kwashe rumfarka kana tsaye kana kallo. Sai ranar da ka ga tifa tana juye ɓaraguzai a bakin kwalbati ka yi magana. Ka je ka sami injiniyan aikin, ya buɗe taswirarsa ya nuna maka cewa babu wata kwalbati a wurin. Ka ce ya zo ka nuna masa da idonsa, ya ce yana da taro.

Ka aiko aka kira ni in rubuta maka takardar koke. Na zo, na rubuta, amma ina rubutawa ina ganin ɓata lokaci ne. Na ce, "Kawu, mutanen nan fa injiniyoyi ne, sun yi karatu."

Ka dube ni ka ce, "Su sun yi, 'Yar Direba. Ruwan ne bai yi ba."

Na yi dariya. Takardar ta yi mako biyu a jakata kafin in kai ta ofis, aka buga mata hatimi aka jefa a tire. Ban koma na bi sawunta ba. Ban sani ba ko da na kai ta da wuri wani abu zai canza, amma wannan makon biyun yana nan a ƙirjina, kuma ban samu na roƙe ka gafara a kansa ba.

Ranar biyu ga wata, bayan la'asar, aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Ruwan ya gangaro filin tasha bai sami hanyarsa ba, ya juya ya faɗa layin gidajen da ke gangare, inda ba a riga an tashi mutane ba. Kafin a ankara ya kai tagogi. Ɗanka makanike ya ba ni labari cewa ka ɗauki diga ka fita, Inna tana riƙe maka riga kana fizgewa. Tulin ɓaraguzai ya rufe wurin, ba wanda ya san ta inda za a fara. Ka tsaya a gindin tsohuwar sandar sigina, ka ƙirga taku arba'in cikin ruwa, ka ce, "Nan." Maza kusan ashirin suka bi ka da shebur da hannu. An roƙe ka ka fito tunda ka nuna wurin, ka ƙi, ka ce in ka matsa za su kauce. Kusan awa biyu kana tsaye ruwa iya ƙirjinka. Gab da magariba bakin kwalbatin ya buɗe, ruwan ya ja da ƙara kamar jirgin kaya.

An ceto mutane da yawa daga kan rufi da katanga. Ba a ceto matar telan layin da jaririnta ba, ba a ceto tsoho mai gyaran agogo ba, wanda ƙafarsa ba ta da lafiya. Da aka gaya maka ka zauna a kan dogo kana rawar sanyi, ka yi kuka a gaban jama'a. Washegari zazzaɓi ya rufe ka, ciwon ya sauka a haƙarƙari. Kamfanin ya aiko wakili ya yi jaje, ya ce ruwan bana ne ya wuce misali. Aiki ya ci gaba bayan kwana biyu.

Na zo duba ka ranar da za a kai ka asibiti. Numfashi yana yi maka wuya, amma ka tambaye ni ko tela ya samu mai zama da shi, ka ce kada a bar shi shi kaɗai a shago. Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Allah ya jiƙan ka, Kawu. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sanya wahalar da ka sha a ƙarshe ta zama kankarar zunubi. Allah ya jiƙan waɗanda ruwan ya ci tare da dukkan magabatanmu, ya kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta zauna da kai shekara hamsin da ɗaya, da 'ya'yanka biyar da jikokinka, da tela, da sauran mutanen unguwar tasha. Da yawansu har yanzu ba su ji ba, domin an tashe su tun farkon shekara kuma ba mu san inda kowa ya faɗa ba. Duk wanda wannan rubutu ya iske, don Allah ya gaya wa na kusa da shi. Inna tana karɓar gaisuwa a gida, ɗaki na uku a layin farko na kwatas. An toshe babban titi, sai an zagayo ta bayan garejin makanikai. Mai niyyar zuwa ya daure ya zo kafin Alhamis mai zuwa, domin ranar ce aka ce katafila za ta iso layinsu.

Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Amin.