Baƙuwar Zaitawa da ɗan da babu mai ƙirga shi

Daga sallame asuba muka bar Zariya, mu mata biyu da direbanmu, wanda ya rantse ya san cikin birnin Kano lungu-lungu. A Kwanar Dangora muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuma ya girma, amma mai suyar ta cika mu da gyara da fara'a.

Aikinmu shi ne shiga gida-gida muna sa wa kowane gida ɗigo a taswirar da ke wayarmu: mutum nawa ne a ciki, mece ce sana'arsu, ina suke ɗebo ruwa, akwai mai ciki ko jariri. Da wannan taswira ma'aikatan rigakafi ke sanin ƙofar da za su yi sallama. Wanda ba ya ciki, sai a wuce shi.

Muna shiga Ƙofar Nasarawa sanin direba ya ƙare. Lungunan unguwar Kabara ba su san mota ba, sai muka bar shi yana gadin ta. Muka gaisa da mai unguwa, muka kama aiki. Gidajen nan sun burge ni: zaure ɗaya, amma kana shiga sai sashe bayan sashe, kowace tsohuwa kuma sai ta ɗura maka ruwa kafin ta amsa tambaya. A wani gida Hajiyar ta ce surukarta ta haihu, ta tafi wankan jego gidan iyayenta. "Can Zaitawa za ku same ta, ku ƙirga ta a can." Muka wuce.

Washegari muka ratsa Kasuwar Kurmi, atishawa ta kama ni a layin masu kayan yaji. Abokiyar aikina ta taya takalmin fata da kuɗi kaɗan, har mai shi ya tambaye ta ko ƙafa ɗaya take so. Muka ci gurasa da ƙuli-ƙuli a tsaye.

A wani gida a Zaitawa, uwar gidan ta lissafa mana kowa tsaf. Za mu fita ke nan na hango ƙatuwar tukunya a murhu, ganyen darbejiya na tafasa.

"Mama, wa ke wanka?"

"'Yata ce, amma baƙuwa ce. Matar mutanen Kabara ce, can za ku ƙirga ta."

Sai na tuna Hajiyar jiya. Kabara sun miƙo ta nan, nan sun mayar da ita can, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Jaririn a gida aka haife shi, allura ko ɗaya ba a yi masa ba.

Na shiga ɗakin. Mai jegon na zaune nesa da yaron kamar ba nata ba, don ɗan fari ne. Na tambayi sunansa, ta juya fuska bango, kakar ce ta faɗa tana dariya. Na miƙe zan fita sai na ji an ja gefen hijabina. Ba ta dube ni ba, a hankali ta ce, "Anti, don Allah ku sa shi."

Muka sa shi a Zaitawa, da bayanin cewa bayan arba'in zai koma Kabara. Daga ranar muka ƙara tambaya a kowane gida: akwai mai wanka? Ashe suna da yawa.

Mun dawo Zariya lafiya, ƙafafuna a kumbure, jakata na ƙamshin kanumfari. Abin da na koyo shi ne, idan baki ya gama lissafi, a duba murhu. Har yanzu nakan buɗe taswirar in nemo ɗigon nan a lungun Zaitawa, in ji daɗi. Uwarsa ba za ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, amma ita ta sa shi a ciki.