Maɓallan Hannun Dama

Shekarun baya, tun furfura ba ta san hanyar gemuna ba, ina aiki a wani ɗan shagon gyaran kayan wuta a unguwar Zahir. Talabijin, rediyo, rimot, duk abin da aka kawo mu buɗe cikinsa mu leƙa. Wanda ya samo mini aikin, ya tsaya har takarduna suka fito, kawuna ne. Mahaifinsa ƙanin kakana ne, ya zo aikin Hajji bai koma ba, shi kuma a nan Makka aka haife shi. Hausarsa tana nan garau, sai dai jimla ba ta kaiwa ƙarshe ba ta ɗauko Larabci a hanya ba.

Sana'arsa sayar wa alhazai tsaraba: carbi, darduma, turare, kayan wasan yara. Ina firamare mahaifiyata ta dawo daga Hajji da wani ɗan gem na hannu, irin wanda bulo ke zubowa daga sama kana jera su, ta ce Kawu ne ya ce a kawo mini. Bai daɗe a hannuna ba na samo wuƙa na kwance shi, wai ina son ganin inda bulon ke fitowa. Ban ga bulo ba, gem bai sake tashi ba, na kuma sha dukan da har yau in na tuna sai na gyara zama. Amma tun daga ranar hannuna bai bar cikin na'ura ba. Da na zo Makka na ba Kawu labarin, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ma idan alhazai suka watse kasuwa ta kwanta, da wannan gem ɗin yake cinye yini, kuma duk layinsu babu mai kamo shi.

Kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, a gidansa da ke Shisha muke cin abinci. A shimfiɗa sufura a falo, a ɗora babban tire na shinkafa da naman rago, maza su kewaye. Kawu yana da wata ɗabi'a: shi ke yagar naman da hannunsa, ya riƙa turawa gaban kowa, ba ya kai lomar farko sai ya ga kowa ya samu. Ni da yake baƙo ne kuma siriri, gabana ya fi cika.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma hannun dama ya tsaya a naɗe a kan cinyarsa. Likitan da ke masa gashi ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye: watannin nan na farko su ne lokacin, in bai motsa yatsun ba za su iya ƙagewa a haka. Ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Kawu ya karɓa da ladabi, aka dawo gida ya cilla ta ƙarƙashin gado, ya ce shi ba kyanwa ba ne. Daga nan kuma ya daina fitowa sufura. A kai masa abinci ɗaki, ya rufe ƙofa, a fito da kwanon rabi. Mu kuma mu zauna a falo muna yagar nama kowa da kansa, babu mai ɗaga kai.

Ni a nawa wayon, kaɗaici ne ke damunsa. Dama a lokacin ina ta ƙoƙarin haɗa wa kaina gem na hannu mai tsofaffin wasanni, da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi sabulu girma ba da gilashin tsohuwar na'ura. Sai na ce to, ga ranar amfaninsa. Gem na yau da kullum hannu biyu yake so, maɓallan tafiya a hagu, na juyawa a dama. Ni kuwa na zauna na kwashe komai na mayar hagu, har na saka wani maɓalli a baya inda ɗan yatsa zai taɓa. Ɓangaren dama na bar shi sumul. Abokina, wani ɗan Maraɗi da ke yanka robar allunan talla a bayan shagonmu, shi ya yanko mini akwatin.

Ya juya zanen ya kalle ni. "Wanga duk hagu? Shi mai abun ka tambaye shi?"

"Ba-zata zan yi masa," na ce.

"To, kai hwa ka sani. Ni yanka nika yi."

Ranar Juma'a na shiga ɗakin Kawu ina jin kaina kamar wanda ya ƙera jirgi. Na kunna, bulo ya fara zubowa, na ga idonsa ya yi haske. Ya karɓa da hagu, ya juya gaba, ya juya baya, ya shafa ɓangaren daman da babu komai.

"Ina maɓallan nan ɓangaren?" ya tambaya.

"Ai na sauƙaƙa maka, Kawu. Da hannu ɗaya ma za ka yi komai."

Ya dubi hannunsa na dama a kan cinyarsa. Sannan ya ajiye gem ɗin a gefen katifa, ya tura mini shi da bayan hannu. "Halas, ya waladi, shi ke nan ɗana. Kai ma ka gama yi wa hannun nan sallar gawa ke nan. Allah ya yi maka albarka, ɗauki abinka."

Na ji ciwon maganar, ba zan ɓoye ba. Na fito ina sa takalmi, a raina ina cewa tsufa da ciwo sun taru sun sa shi rigima. Sai matarsa, wadda muke kira Hajiya, ta tsayar da ni daga bayan labule.

"Ɗana, kada ka tafi da fushi. Ka san me ya hana kawunka fitowa sufura?"

Na ce jiki ne.

"Ba jiki ba ne. Tun da ya yi wayo bai taɓa kai abinci baki da hagu ba. Malamai sun gaya masa lalura ce, babu laifi, ya ce ya sani, amma ba a gaban mutane ba. Kuma da wane hannu zai tura muku nama? Tun da ya kwanta, mai kawo cokali ya kawo, mai gyara masa kofi ɓangaren hagu ya gyara. Kowa tausayi yake ji, kowa kuma ya riga ya haƙura da hannun. Shi kaɗai ne bai haƙura ba, tsoro ne kawai ya hana shi gwadawa."

A cikin tasi har na isa Zahir ina ta juya maganarta. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, na zauna na auna komai, kaurin akwati, nisan maɓalli, ƙarfin batir, amma ban taɓa kallon hannun da ake magana a kansa ba. Kunyar kallonsa nake ji.

Mako na gaba na koma da kwali da almakashi, ba da na'ura ba. Na durƙusa na ce, "Kawu, na zo ka koya mini. A ina kake son maɓallan?"

Ya harare ni, sannan ya ɗauko hannun daman da na hagu ya ɗora a kan kwalin. Ranar na fara ganinsa sosai. Babban yatsa yana motsi kaɗan, gefe da gefe. Manuniya da na tsakiya tare suke tafiya, ba sa rabuwa. Sauran biyun suna kwance. Na zagaye inda kowanne ke iya kaiwa da biro, na je na nuna wa likitansa, ya gyara mini wuri ɗaya, ya ce kada maɓallin ya yi laushi ƙwarai, a bar wa yatsan ɗan abin da zai yi kokawa da shi.

Haka muka juya abin gaba ɗaya. Hagu ya zama mariƙi kawai, ko maɓalli ɗaya babu. Dama kuma manyan maɓallai masu faɗin murfin kwalba, biyu na babban yatsa don kai bulo gefe da gefe, ɗaya dogo a sama na yatsun nan biyu don juya shi. Robar cikinsu daga tsofaffin rimot na ciro, na gwada iri-iri kafin mu dace. Abokina ya sake yanka akwati, murmushinsa kawai ya ishe ni. Na ɗinka wani maɗauri a baya da zai riƙe tafin hannun kada ya zame. Da muka ga yatsan na rawa yana danna sau biyu a maimakon ɗaya, na gyara ta yadda na'urar za ta ɗan jira kafin ta karɓi danni na biyu.

Kawu kuwa ya zama shugaban kamfani. Ya ce a cire kiɗan, shi ba gidan biki ya zo ba. Ya ce a saka maɓallin da zai tsayar da wasa in an kira sallah, ya dawo ya tarar da bulonsa a rataye inda ya bar shi. Duk na yi. Sai dai na sake yin wani wayon: na rage gudun bulon a ɓoye, na kuma saita shi yadda ko ya cika har sama wasan ba zai ƙare ba. Bai yi nisa ba ya ɗago.

"Esh hada, mene ne wannan? Bulon nan yana saukowa kamar ni a matakala. Kuma tun ɗazu ya kamata in faɗi, ban faɗi ba. Ka taɓa shi ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Ka mayar mini da faɗuwata. Gudun kuma ka fito da shi waje inda zan gani, ni zan murɗa da kaina."

Na samo abin murɗa na tsohuwar rediyo na dasa a sama, shi ma a dama, na yi masa zane-zane daga sanyi zuwa zafi. Wannan abin murɗawar ya fi komai ba shi wahala, domin sai ya haɗa yatsa biyu ya kama. Ni ban yi niyyar haka ba, amma likitan da ya gani ya ce a bar shi a nan.

Farkon abin babu daɗin kallo. Bulo ya taru ya cika kafin ya jera layi ɗaya, gumi na zubo masa, wani lokaci ya ajiye ya juya fuska bango. Akwai ranar da ya buga shi da ƙasa har murfin batir ya fita, washegari Hajiya ta kira ni ta ce wai in zo in duba, na'urar ce ta faɗi da kanta. Na gyara ban tambaya ba. A hankali ƙorafin Hajiya ya canja, ya koma cewa tsoho ya zama yaro, sai ta yi kira uku kafin ya amsa. Ta ce har ƙwallon robar ya sa an zaro masa daga ƙarƙashin gado, wai yana son yatsan ya ƙara ƙarfi saboda abin murɗawa.

Da lokacin Hajji ya zo aka ɗauke mu aikin lasifika a tantunan Arfa, na yi makonni ban leƙa Shisha ba. Juma'ar da na koma, an shimfiɗa sufura, mun zauna kamar kullum, sai muka ji an buɗe ƙofar ɗaki. Kawu ya fito da farar jallabiya, ya zauna a wurinsa da ya daɗe babu kowa. Aka kawo ruwa, ya miƙa hannun dama aka zuba masa. Ya yi bismillah, ya kai hannu cikin tire, ya dunƙula shinkafa. Rabinta ta zube a hanya, wata a kan jallabiya, amma sauran ta isa baki. Kowa ya duƙufa a kan gabansa kamar bai gani ba, ban da ni da na saki baki.

"Ci abincinka, ya waladi," ya ce, "ni ba talabijin ɗin shagonku ba ne."

Aka yi dariya, ni ma na yi, idona na ƙaiƙayi. Can sai na ga hannun ya nufi naman. Ya daɗe yana fama da wata tsoka, yatsun na zamewa, babu wanda ya yi gigin taimaka masa. Da ta yagu, ya turo ta a hankali a kan shinkafar, tana tafiya tana karkacewa, har ta iso gabana. Na ɗauka na ci.

Hannun bai koma kamar da ba, ƙananan yatsun biyu ba su taɓa miƙewa sosai ba. Kuma ba na cewa gem ɗina ne ya warkar da shi; akwai likita, akwai haƙurin Hajiya, akwai taurin kansa, sama da duka akwai ikon Allah. Ni dai ina godiya da aka bar ni na sa hannu. Ina godiya ga Hajiya da ta tare ni a bakin ƙofa, domin da na tafi da fushina da shi ke nan. Har yau in zan haɗa wa mutum wani abu, ko in gyara wa wani tsoho waya, sai na fara tambayarsa abin da yake so a sauƙaƙa da abin da yake so a bar masa.

Kawu ya yi shekaru yana yaga mana nama kafin Allah ya karɓi abinsa. Bayan rasuwarsa Hajiya ta ba ni na'urar a naɗe cikin ɗankwali. Tana nan a durowata, batir ɗin ya daɗe da mutuwa, ban kuma canja ba. Wani lokaci nakan ɗauko in shafa. Ɓangaren hagu yana nan da sheƙinsa kamar jiya aka yanko shi. Maɓallan dama kuwa duk sun koɗe, na babban yatsan har ya yi rami, abin murɗawar kuma yana tsaye a kan zanen ƙarshe, inda ya bar shi.