Gurbin Aibi a Shafin Kawu Iro

Duk wanda ya taɓa taya rago a hannun Kawu Iro, daga Beli har kasuwar Karaye, ya san abin da zai fara ji bayan gaisuwa. Kafin a zo maganar kuɗi sai Kawu ya dafa bayan ragon ya ce, "Tsaya tukuna in faɗa maka aibinsa." Dillalai sun yi masa faɗa har sun gaji. Wani ma ya taɓa ce masa a gabana, "Malam Iro, wai kai sayarwa ka zo yi ko tonon asiri?"

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Da na gama karatun kwamfuta a Kano na dawo gida babu aikin yi, sai na ga raguna ƙosassu cike da garke, amma kullum dillali ne ke zuwa ya kwashe yadda ya ga dama. Na ce, "Kawu, bari in buɗe maka shafi a intanet. Mutumin Kaduna yana kwance a ɗakinsa zai ga ragonka ya saya."

"Bai taɓa shi ba?"

"Bai taɓa ba."

"To wa zai faɗa masa aibinsa?"

Nan rigimarmu ta faro. Ya ce ko dai a yi wa aibi gurbi a ƙarƙashin kowane hoto, ko a bar zancen. Bai tsaya nan ba, sai da ya zauna a kaina na gyara shafin yadda in ba a cike gurbin ba, babu abin da zai hau. "Na san halinki, Uwata," in ji shi. "Ina juya baya zuwa masallaci za ki tsallake." Muka yi yarjejeniya: idan babbar Sallah ta zo raguna suna nan, a rufe shafi, ya koma wa dillalansa, ni kuma in koma zaman jiran aikin gwamnati. Wallahi na tsorata, don shi ne abu na farko da na taɓa ginawa da hannuna.

Ranar ɗaukar hoto na durƙusa ƙasa-ƙasa da waya, yadda rago zai fito kamar ɗan maraƙi. Kawu ya leƙa ya ce, "Wannan ragon wa? Ni dai ba ni da shi." Ya gyara hula ya je ya tsaya kusa da ragon, wai a riƙa ɗaukarsu tare don mutane su gane girmansa na gaskiya.

Na ce, "Kawu, mutanen Kaduna ai ba su san tsayinka ba."

"Rubuta musu: mutumin da ke tsaye gajere ne."

Haka na rubuta, ina cizon leɓe. Raguna suka cika shafi, kowanne da Kawu a gefensa ya haɗe rai kamar hoton katin zaɓe.

Aibin kuwa, sai wanda ya gani. Akwai na gaske, irin su karyayyen ƙaho, da zai sa a rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan bai yi layya ba. Sauran fa? "Yana cin leda." "Ba ya son mai jan kaya." "Ya taɓa tunkuyin ladan, amma ladan ne ya tsokane shi." Wani farin rago ya gagare shi, kwana uku yana zaune kan turmi yana kallonsa, ni kuma ina jira da waya a hannu. A rana ta huɗu ya ce, "Rubuta: ban gano aibinsa ba tukuna, amma yana da kallon raini."

Mako ya bi mako, ciniki shiru. Na yi ta tura shafin a zaurukan waya, na roƙi ƙawayena na makaranta su yaɗa, abin da ya fita bai taka kara ya karya ba. 'Yan uwa suka fara tambayata, "Injiniya, yaya kasuwar sama?" Ana cikin haka wata Hajiya daga Zariya, cikin 'yan ƙalilan da suka saya, ta rubuta a ƙasan shafin cewa ragonta ya iso a rame, kuma ya ƙi cin abinci. Na kai yatsa zan goge, Kawu ya riƙe mini hannu.

"Ƙarya ta yi?"

"Kawu, kowa zai gani fa."

"Ɗora shi can sama, inda ido zai fara sauka."

Na ce masa yau kam ya kashe ni. Ko a jikinsa. Ya sa na rubuta mata amsa, gaisuwa kaɗai ta ci rabin shafi: ya gida, ya yara, ya maigida, ya aka ji da ruwan bana. Sannan ya ce laifinsa ne, ya manta bai faɗa ba, ragon ba ya cin dusa sai an barbaɗa kanwa, kuma a yafe masa wannan aibin da ya ɓoye ba da niyya ba. Bayan kwana biyu Hajiya ta dawo ta rubuta cewa rago ya warware, har ya kori mai gadinta.

Ita ce ta fara ɗaukar hoton shafin tana tura wa danginta don su yi dariya. Su ma suka tura gaba. Waya ta hau ruri ba ƙaƙƙautawa, wasu ma mai kallon rainin suke nema musamman. Saura kwana biyar Sallah garke ya zama wayam. Na zo da murnata ina jiran yabo, Kawu ya dube ni ya ce, "Ni abin da ke damuna, mutanen nan rago suka zo saya ko dariya?"

Sallah uku muka yi tare a kan shafin nan. Bana, bayan an cire amfanin gona, zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi.

Bayan sadakar uku na zauna in sanar da masu sayen ragunansa, don da yawansu ba su san shi ba sai a hoto. Na zaɓi hoton da ya fi haɗe rai a ciki, na rubuta sanarwar a shafin, na latsa. Ta ƙi hawa. Na sake latsawa, sai ga jan rubutun da ni na tsara da hannuna: ba a cike gurbin aibi ba.

Na yi dariya, na yi kuka, har mahaifiyata ta leƙo ta ga ko lafiya. Na daɗe ina kallon gurbin nan. Daga ƙarshe na rubuta, "Taurin kai. Kuma ya tafi bai tsaya na gode masa ba."

Ya Allah, bawanka Iro bai taɓa ɓoye wa mai saye aibin dabbarsa ba. Kai kuma Mai rufa asiri ne. Ka rufe nasa, Ka yafe masa, Ka sa ya huta.