Orest da Yaron da Ba Ya Waiwaye

Daga farkon Oktoba har ƙanƙara ta narke, duk ranar da ake wasan hoki a filin ƙanƙararmu na Birch Coulee, Orest Demkiw yakan iso tun yara ba su gama ɗaure takalma ba. Zai ajiye tsohuwar a-kori-kurarsa a karkace, daidai inda za ta tare wa mai kwashe dusar ƙanƙara hanya, ya shigo yana buga ƙafa, ya tsaya a tagar kantina ya ce, "Lorna, kofin nan na yau ne ko na bara?" Ni kuma in ce masa na shekarar da ya sayi rigar sanyin da ke jikinsa ne. Rigar koriya ce, ko dai a da koriya ce. Sai ya karɓi kofinsa da firogi mai zafi, ɗan ƙullin fulawa mai dankali a ciki, ya wuce iyayen yara da suka cunkushe a tsakiya ƙarƙashin na'urar ɗumi, ya je can kusurwa bayan raga ya tsaya, inda sanyi yake ratsa ƙashi.

Aikinsa duba yara ne. Wata ƙungiyar matasa ta birni ce ta ɗauke shi tun gashinsa yana baƙi, yana zagaya ƙauyukan kudancin Saskatchewan yana kallon 'yan shekara goma sha huɗu suna hoki, don in ranar zaɓen 'yan wasa ta zo a watan Mayu ya gaya wa ƙungiya wanda za ta ɗauka da kuma zagayen da ya dace da shi. In yaro ya yi fice, koci ake yabo. In ya lalace, sai a tuna wanda ya kawo shi. A bana Orest ya ajiye aikin saboda idanunsa, kuma da na ga jaridar birni ba ta ba shi ko layi ɗaya ba, raina ya ɓaci, na ce to ni mai soya dankali zan rubuta.

Na taɓa tambayarsa abin da yake nema a kusurwar nan da babu shi a wurin ɗumi. Ya ce ko kakarsa za ta gane yaron da ke cin raga. Ɗan baya kuwa ba a gane shi sai an jefa faifai, wato ƙwallon hoki, bayansa, ya juya ya bi shi zuwa katanga, ya ba masu korarsa baya. A nan ake ganin ko zai waiwaya ya san wanda ke tafe kafin ya kai ga faifan. Abin da Orest yake tsayawa cikin sanyi ya gani ke nan, kuma shi ne ya haɗa shi da garinmu kaf.

Emmett Loewen ɗan Abe da Gail ne, manoman alkama a hanyar arewa. Ɗan baya ne, kuma yana shekara goma sha huɗu ya riga ya kere ubansa tsawo. In ya buga faifai daga nesa, masu tsaron raga runtse ido suke yi, kuma sau biyu yana fasa mana gilashin bayan raga, kwamitin fili yana ƙunƙuni a baki yana alfahari a zuci. Garinmu bai taɓa fitar da yaron da aka ɗauka a zagayen farko ba. Kowa ya riga ya gama lissafi: ƙungiyar Orest tana cikin masu fara zaɓe a shekarar, Orest namu ne, yaron namu ne. Har wani ya fara maganar kafa allo mai sunansa a bakin gari.

Amma Orest ya daɗe da ganin abin da mu ba mu gani ba. Emmett ba ya waiwaye. Ba taurin kai ba ne. Tun yana ƙarami shi ne ƙato a cikin sa'o'insa, duk wanda ya banke shi shi ke faɗuwa, don haka bai taɓa jin buƙatar sanin wanda ke bayansa ba. A birni kuwa samari 'yan shekara ashirin zai tarar, masu gemu, waɗanda ke jiran irin wannan bayan. Orest ya sha ganin an fitar da yaro a kan allon ɗaukar masu rauni, an ɗaure masa wuya, uwarsa tana bin bayansu riƙe da hularsa. Kuma ya san yadda ƙungiya take: ɗan zagayen farko ba ta ajiye shi, dole ta sa shi wasa yana da sha shida don 'yan kallo su ga abin da ta ɗauko. Ɗan zagaye na huɗu ba wanda ke gaggawarsa, ana iya barinsa a gida ya nuna.

Lokacin shuka ya je gona ya gaya wa Abe haka. Abe ya yi dariya, ya ɗauka irin wayon masu sayen hatsi ne, su kushe kaya don su samu da arha.

Ranar zaɓe gari ya taru a babban zaure tun hantsi. An kafa allon majigi, mata sun jera tukwanen kabeji da tsiran alade, an sa wa Emmett kujera a gaba kamar ango. Da aka zo kan ƙungiyar Orest, sunan wani yaro daga Manitoba ya fito. Sauran ƙungiyoyi kuma da suka ga mutumin da ya fi kowa sanin yaron ya tsallake shi, su ma suka bi sahu. Zagayen farko ya wuce, na biyu ya wuce, abinci ya huce, ba mai iya kallon wani. Sai a na huɗu sunan ya fito, ƙungiyar Orest ce ta ɗauke shi. Aka yi ɗan tafi na kunya. Emmett ya ja hularsa ya rufe fuska, na ji tausayin yaron nan har cikin raina.

Kai kuwa Orest, da ka zauna a gidanka ranar, ba mai cewa komai. Da ka ce manya ne suka ƙi shawararka, da mun yarda, don muna son mu yarda. Amma sai ga ka a bakin ƙofa da rigarka mai munin nan, hula a hannu.

Abe ya tashi ya tare Orest. "Kai ka yi mana wannan?"

"Ni ne."

"A gaban gari kaf? Yaron da ka sani tun yana rarrafe a kan ƙanƙara?"

"Ɗanka ba ya waiwaye, Abe. Na gaya maka. In na tura shi birni baɗi, a kwance za a dawo maka da shi. Gara ka tsane ni yana tafiya da ƙafafunsa."

Abe ya nuna masa ƙofa, Orest ya fita.

Mu ba ma faɗa da baki a nan. In ka haɗu da mota a hanyar tsakuwa kana ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, ko ka san mai ita ko ba ka sani ba. Daga ranar nan Abe ya daina ɗaga wa Orest yatsa, rabin gari suka bi shi. A tagata kuwa sai da na kori mutum biyu da kofinsu a hannu, don ba a zagin mai sayen firogina a gabana, ko da ya cancanta, balle bai cancanta ba.

Da kaka ta zo aka zuba sabuwar ƙanƙara, Orest ya kira Gail ya nemi izinin ganin yaron. Ta ce ba ita ce aka kunyata ba, ya tambayi mai abin. Emmett ya zo fili yana cika yana batsewa, ya tsaya a kan Orest kamar zai haɗiye shi, ya ce, "Mista Demkiw, kai ka ce ban iya ba. To nuna mini."

Ni ke buɗe musu ƙofa ranar Talata bayan an tashi makaranta, lokacin da fili ba kowa, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Orest zai ɗaura tsofaffin takalmansa na ƙanƙara, ya jefa faifai kusurwa, Emmett ya juya ya bi. Tsohon kuma ya tsaya a baya ya ɗaga yatsu, kuma dole yaron ya faɗi ko nawa ne kafin sandarsa ta taɓa faifan. Da safar hannu ba a ganin yatsu, sai tsohon ya cire ta. Cikin sanyin nan yatsunsa sukan yi fari fat, in kawo masa kofi mai zafi ya riƙe, ba don ya sha ba.

Da farko yaron canka yake yi. Ya doshi katanga ya ce, "Uku!"

"Ko hannu ban ɗaga ba, ɗan mugu. Koma."

Haka aka yi ta yi. Da wuyan ya fara juyawa da kansa, Orest ya ce waiwaye ɗaya bai isa ba, sai hagu da dama. Daga baya ya roƙo ƙatti biyu daga ma'aikatan rumbun hatsi, suka riƙa zuwa da kayan aikinsu suna korar Emmett zuwa katanga, suna jin daɗin abin fiye da kima. Duk wannan ba ya cikin aikin Orest. Aikinsa a kan yaron ya ƙare tun ranar da sunan ya fito a majigi.

Ba daɗi ne zalla ba. Sa'o'in Emmett da aka ɗauka da wuri sun tafi birni, ana nuna su a talabijin, shi yana nan yana ƙirga yatsun tsoho. Wata Talata ya yi jifa da sandarsa har ta karye, ya ce kowa ya wuce shi, an mayar da shi abin dariya. Orest ya bar shi ya gama, ya tsince guntayen sandar, ya ce masa ɗan baya ba ya nuna da wuri, kuma shi bai taɓa cewa Emmett ba zai kai ba, cewa ya yi ba yanzu ba. Yaron ya fita ya bugo ƙofa. Talata mai zuwa ya riga Orest isowa.

Sanyi biyu suka yi a haka. Yana da sha bakwai ya tafi birni, kuma yana can. A bana manyan ƙungiyoyi ke dubansa don nasu zaɓen, wasu na cewa zagaye na uku, wasu na biyar. In ka tambayi Orest sai ya ce a tambayi masu ido. Ni ban san inda yaron zai kai ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa ya zama tauraro ba. Abin da na sani shi ne wuyansa lafiya lau, kuma da rani shi ke tuƙa wa ubansa motar girbi.

Kai ne, Orest, wanda ya gwammace gari ya juya masa baya da a ɗauko ɗan mutane a kan allo. Kai ne ka faɗi magana mai ɗaci, sannan ka tsaya ka taya yaron haɗiye ta. Mun gode. Ku kuma samarin da kuka gaji aikinsa, masu zuwa da kwamfuta kuna zama a wurin ɗumi, ba na ce ba ku iya ba. Amma in kun rage wa yaro matsayi, ku je ku gaya masa dalili ido da ido, sannan ku dawo ranar Talata.

Abe dai bai sake yi wa Orest magana ba tsawon shekarun nan, ko da Gail ta yi ta fama da shi. Sai watan jiya. Likita a Regina ya riga ya gaya wa Orest tsakiyar ganinsa tana tafiya, ya hana shi tuƙi. Muka yi hayar bas daga gari zuwa wasan Emmett na ranar Lahadi da rana, na matsa wa tsohon sai da ya biyo mu. Karon farko ke nan da na gan shi zaune a kujera a filin wasa. Ya zura wa ƙanƙara ido, na kuma san ɗaya ƙarshen filin hazo ne kawai a wurinsa. Na yi ƙoƙarin ba shi labari, amma ni in ba dambe ake yi ba ban san abin faɗa ba.

Ana cikin haka sai na ji mutum a kaina. Abe ne. Ya ce, "Matsa, Lorna, ba ki iya ba." Ya zauna kusa da Orest ba gaisuwa ba komai, ya harɗe hannu. Can aka jefa faifai bayan Emmett, ya juya ya bi, wani ƙaton ɗan gaba ya taho masa a guje. Na riƙe numfashi.

"Ya waiwaya," in ji Abe, idonsa na kan fili. "Ya sake. Hagu da dama."

Emmett ya zame gefe da faifan, ƙaton ya daki katanga shi kaɗai, ƙarar ta cika filin. Orest ya sa hannu ya shafa fuskarsa. Har aka tashi wasa, duk lokacin da yaron ya koma ɗauko faifai, ubansa yana faɗa masa.

Da muka fito wurin bas, Abe ya tsaya yana gyara hularsa, ya ce ba tare da ya kalli Orest ba, "Ranar Juma'a suna wasa a Swift Current. Zan biyo in ɗauke ka. Ka shirya da wuri, ba na jira."

Orest ya ce zai shirya.