Sannu-Sannu da Motar Jikoki

A tasha da kan hanya, Sannu-Sannu kowa ke kiransa. Tuƙinsa ne ya ja masa sunan. Tun yana yaron mota mai wanke gilashi har ya kama sitiyarin babbar mota, bai taɓa yarda ya yi tsere da kowa ba. Abokan aiki su wuce shi suna yi masa tsiya, shi kuwa ya ɗaga musu hannu ya ci gaba da lallaɓa kayansa. Haka ya tsufa a kan titi. 'Ya'yansa sun girma yana zuwa gida kamar baƙo, ya sauke tsaraba, ya kwana biyu, ya sake kama hanya.

Ido ne ya sauke shi daga mota. Yanar ido ta rufe masa gani, aka yi masa aiki, ganin kusa ya dawo, na nesa ya ƙi. Bai jira an kore shi ba, da ƙafarsa ya je ofis ya ajiye makulli. Ya ce wanda ba ya hango rami tun daga nesa bai kamata a ba shi amanar kayan mutane ba, balle rayukansu.

Zaman gida kuwa ya zame masa wani sabon ciwo. Ya kafa kujera a ƙofar gida, rediyo a cinya, ba ya ji ba ya kashewa. Matarsa, wadda yara da manya ke kira Iya, ta ce da yana kan hanya ta fi jin muryarsa. Tare suke zaune da babban ɗansu, mai gyaran wutar lantarki, da matarsa ma'aikaciyar jinya, da 'ya'yansu biyu: wata yarinya 'yar firamare da ake kira Barkono saboda bakinta, da ƙaninta Auta.

Bayan gidan akwai wani fili da ba a gina ba, duk tsakuwa da ƙananan ramuka, da wani ɗan tudu a tsakiya. Wata rana da yamma tsohon ya zagaya ya tarar Barkono ta zaunar da Auta a tsohuwar robar wanki, ta ɗaura igiya tana jan sa, tana yin kukan mota da baki. Da ta gan shi sai ta tsaya, ta riƙe ƙugu.

"Kaka, wai da gaske kai direba ne?"

"Je ki tambayi ubanki."

"Na tambaye shi. Ya ce haka shi ma aka gaya masa. Ni dai ban taɓa ganin ka tuƙa ko baro ba."

Ya yi dariya, ya ce wannan baki nata sai an sa masa birki. Amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Washegari bai fito da kujera ba. Ya nufi shagon Gajere mai walda a bakin layi, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagonsa don tsayi. Tsohon ya tsuguna, ya ɗauki ƙusa ya zana wani abu a ƙasa. Gajere ya ɗage baƙin gilashinsa ya daɗe yana kallo.

"Baba, mota kake so ko kejin kaji?"

"Mota. 'Yar ƙarama, ta yara, wadda za ta hau tudu ta shiga rami. Amma kada ta fi tafiyar tsoho sauri."

Suka shiga neman kaya. Tayoyi huɗu na baro suka samo, masu kauri, don ƙasar filin. Mazauni kuwa wata kujerar roba ce da ƙafafunta suka karye. A wurin masu tsofaffin ƙarafa, tsohon ya shiga cikin gawar wata babbar mota ya kwance ƙananan injinan da ke juya abin share gilashi, domin ya san halinsu: ba gudu, sai ƙarfi. Aka haɗa da sarƙar keke da batir. Saura gangar jiki. Nan ne ya tuna da wani gadon ƙarfe da ke jingine a ɗakin ajiya, ya jawo shi yana ƙara har tsakar gida.

"Ina za ka kai mini gado?" in ji Iya.

"Rabon da a kwanta a kansa ai tun kafin a haifi Barkono."

"To, ko ba a kwanciya, ina kallonsa ina jin daɗi."

"Yanzu za ki gan shi yana tafiya, daɗin ya ninka."

Ta bi shi da harara, amma da rana sai ga Auta ya kawo masa shayi shago, wai in ji Iya.

Sannu-Sannu ya san mota ta jikinsa. Da jin kukan inji zai gaya maka abin da ke damunsa. Amma jan mota daban, ƙera ta daban. Gajere kuma ƙofofi da tagogi ya saba haɗawa, abubuwan da ba sa zuwa ko'ina. Suka yi ta gardama, a liƙe a yanke, a sake liƙewa. Sitiyari ma Gajere ne ya lanƙwasa rodi ya yi da'ira, tsohon ya naɗe shi da robar taya don kada ya ci hannun yara.

Ranar gwaji na farko a tsakar gida aka yi. Barkono ta hau tana washe baki, ta taka, mota ta motsa. Yara suka sa ihu. Ta murɗa sitiyari dama, mota ta yi hagu. Ta ƙara murɗawa, ta ƙara yin hagu, ta bi ta ƙarƙashin igiyar shanya ta kwashi zanen Iya, ta je ta daki bokitin ruwa. Ashe a baibai suka haɗa sandar sitiyarin. Ba wanda ya ji ciwo, Barkono ma dariya take yi a ƙarƙashin jiƙaƙƙen zane. Sai dai daidai lokacin uwarta ta shigo daga aiki, da farin kaya a jikinta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta sauke 'yarta, ta duba ta sama da ƙasa, sannan ta zo ta durƙusa gefen surukinta.

"Baba, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kullum ina ganin yaran da ake kawo mana. Ba zan hana su ba, amma ba mai sake hawa sai an sa abin ɗaure jiki, an yi ƙarfe a sama ko da za ta kife, sannan a samu yadda babba zai tsayar da ita daga waje."

Iya ta yi tsuru, tana jiran tsohon ya yi fushi. Shi kuwa kunya ce ta kama shi, don ya san duk abin da ta lissafa shi ya kamata ya fara tunawa, zumuɗi ya mantar da shi.

"'Yata, kin yi gaskiya," ya ce. "Da a tasha kike, da ke za a ba shugabancin direbobi."

Duk wannan hidima, ɗan nasa daga nesa yake kallo. Ba faɗa tsakaninsu, gaisuwa ce dai kawai da tambayar lafiya, kamar maƙwabta masu mutunci. Da ya ji labarin bokiti, sai ya zo ya ɗaga kujerar motar ya leƙa wayoyin.

"Wa ya yi wannan haɗin?"

"Ni ne."

"Baba, ai gobara kuka ajiye wa yara a ƙarƙashin mazauni."

Ranar hutunsa ya fito da akwatin aikinsa. Suka shimfiɗa kwali a inuwa, suka kwantar da motar a gefe. Ɗan yana yanka waya yana ferewa, uban yana riƙe masa. Tsohon ya lura furfura ta fara fito wa yaron nasa a gefen kunne, ya kuma ga yadda yake cije leɓe in zai ɗaure noti, kamar yadda shi ma yake yi. Can ɗan ya tambaye shi ko birki ya taɓa tsinke masa a gangara. Tsohon ya gyara zama ya ba shi labarin. Daga wannan sai wani, har shayinsu ya huce.

"Ashe kuna da labarai haka," in ji ɗan.

"Ba ka taɓa tambaya ba."

"Ai ba ku taɓa zama ba."

Sai tsohon ya miƙa masa filaya, ya ce, "To, ga ni na zauna."

Ɗan ya sa makunni a ƙarshen doguwar waya, wanda babba zai riƙe yana bin motar a ƙafa. Gajere ya juya sandar sitiyari ya lanƙwasa bututu a sama. Uwar yaran da kanta ta ɗinka maɗauri da igiyar tsohuwar jaka, ta ja shi da ƙarfinta ta ga bai tsinke ba. Iya ta kawo ƙararrawar keke, ba ta faɗi inda ta samo ba.

A filin bayan gida aka sake gwadawa. Barkono ta wuce tsakuwa, motar na rangaji, ta shiga rami ta fito. A gindin tudu sai tayar baya ta nutse a yashi tana juyawa a banza. Yarinyar ta ƙara dannawa, idonta ya ciko.

"Saki," in ji kakanta, yana tsaye gefe da makunni a hannu. "Ƙarfi ba ya fid da mota daga yashi. Koma baya kaɗan. Yawwa. Yanzu taho a hankali, kamar kina ɗauke da ƙwai."

Motar ta yi ƙara, ta kama ƙasa, ta haye. A can sama Barkono ta kaɗa ƙararrawa har sai da maƙwabta suka leƙo.

Kafin mako ya zagayo, yaran layin duka sun san lokacin da ake fito da mota. Tsohon ya kafa doka: kowa ya jira layinsa, ya duba hagu da dama kafin ya taka, wanda ya ture ɗan'uwansa ya koma baya. Barkono ta naɗa kanta mai kula da layi, ba wanda ya zaɓe ta. Auta ya ce shi ba ya son tuƙi, ƙararrawa kawai yake so, aka bar masa.

Da yara suka yi yawa, mota ɗaya ta kasa. Sannu-Sannu ya ce za a ƙera ta biyu, mai mazauni biyu, kuma wannan karon da hannunsa zai liƙe ƙarfen. Gajere ya ce walda aikin ganin kusa ne, don haka ba shi da uzuri. Yanzu kullum da safe yana shagon, sanye da baƙin gilashi, rigunansa duk sun yi ƙananan huji saboda tartsatsi. Liƙinsa na farko da Gajere ya taɓa da yatsa sai ya rabu. Na biyu ma haka, da waɗanda suka biyo baya.

Ran nan ya haɗa wasu ƙarafa biyu, ya jira suka huce, ya miƙa. Gajere ya juya su, ya ɗora a kan maƙera, ya ɗauki guduma ya maka. Ya sake makawa. Ba su rabu ba.

"Baba," ya ce, "gobe ka fito da wuri. Akwai ƙofar wani shago da za mu haɗa, ni kaɗai ba zan gama ba."