Ƙarfen Salahuddin Ɗantani

An haifi Salahuddin Ɗantani a wani ƙauyen 'yan ƙwadago a yankin Jazira na ƙasar Sudan, inda mahaifinsa ya tsufa yana cirar audugar wasu. Ya shigo Khartum yana saurayi, ya koyi walda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ya yi shekaru yana riƙe wa wani ƙarfe kafin ya buɗe tasa warshar, wani gareji mai rufin kwano a ƙarshen layin masu gyaran manyan motoci. Gidansa yana Umdurman, a ƙetaren kogin Nilu. Kullum da safe yana haye gada a bas, gefen taga, hannuwansa masu tabon wuta a kan gwiwa. Mutum ne da ba ya yawan magana, irin wanda mutane ke cika wa shirunsa da duk abin da suke so su ji.

Ɗan ƙanwarsa, Haisam, shi ya kawo masa kiɗa. Haisam da abokansa na jami'a sun kafa ƙungiyar kiɗan metal, suka sa mata suna Tsatsa. Kiɗa ne da jita ke kuka a cikinsa kamar injin yanka ƙarfe, mawaƙi kuma yana gurnani daga ƙasan maƙogwaro. Babu unguwar da za ta jure musu. Amma ranar Juma'a Mantiƙa a rufe take, babu kowa sai karnuka da masu gadi, don haka Salahuddin ya ba su warshar daga bayan masallaci zuwa magariba.

Wata Juma'a suna cikin kiɗa, shi kuma yana gefe yana duba wani tsohon sifirin babbar mota, dogon ƙarfen nan mai ɗaukar nauyinta, da ya rataye da sarƙa, ya ɗan buga masa guduma don ya ji ko ya tsage. Ƙarar ta ratsa jita da ganguna, ta daɗe tana rawa a cikin haƙoran kowa. Haisam ya ɗaga hannu, aka tsaya.

"Kawu, sake."

"In sake me?"

"Abin da ka yi yanzu. Wallahi sake, ya khal, ya kawuna."

Haka mai walda ɗan shekara arba'in da wani abu ya zama ɗan Tsatsa. Bai san sunayen waƙoƙin ba. Yana dai kallon kafaɗar Haisam, in ta faɗi sai ya sauke guduma.

Masu sauraro suka fara taruwa. Kanikawa, direbobin raksha mai ƙafa uku, ɗalibai, da 'yan mata kaɗan da ke zama can baya kusa da ƙofa. Suna da al'adarsu. Ba a tafi da hannu a warshar Salahuddin, wanda suke kira Usɗa, wato oga. Kowa yana zuwa da sifanarsa, in waƙa ta yi daɗi sai a buga ta a siminti. Wanda ya zo babu sifana, an san baƙo ne. Mai tsaron ƙofa shi ne Ibrahimu Nagoggo, wani bakanike mai faɗin kafaɗa da murmushi mai sanyi, wanda Salahuddin ya ba wa makulli don ya riƙa buɗewa da wuri. Nagoggo ne ke cewa wane ya shiga, wane ya koma. Yana son Tsatsa irin son da mutum ke yi wa abin da bai taɓa mallakar kamarsa ba, kuma ba ya tunanin zai sake samu.

Sai wani ya ɗauki waƙa ɗaya a waya ya watsa. Wani kamfanin lemo ya ji, ya saye ta don talla. Daga nan talabijin, daga nan manyan otal. Haisam ya rage suma, ya fara rera amshi da murya mai laushi wadda uwa za ta iya ji tana girki. Yaran makaranta suka fara sa baƙar riga mai sunan Tsatsa, wadda ake sayarwa tuli-tuli a Kasuwar Libiya. A tallar akwai ƙarar sifirin, amma daga kwamfuta ta fito. Ba wanda ya kira Salahuddin. Ba su yi faɗa ba. Juma'o'in ne kawai suka zo, ƙungiyar ba ta zo ba.

'Yan sifana dai suka ci gaba da zuwa. Suna zama a ƙasa, suna shan shayi, suna zagin Haisam. A irin wannan zaman ne wani ɗalibi ya tambaya me ya sa ba a ga Usɗa a talabijin ba. Nagoggo ya riga shi amsawa.

"Kai, ya zol, bawan Allah, ba ka san wa kake tambaya ba? Sun roƙe shi, ya ƙi. Usɗa ba lemo ba ne da za a sa a kwalba."

Salahuddin ya buɗe baki zai gyara maganar. Sai sifanu suka sauka a siminti gaba ɗaya, saboda shi, shi kaɗai. Tun yana yaro a gonar auduga ba a taɓa kallonsa da irin idanun nan ba. Ya rufe bakinsa.

Daga ranar ya zama wani abu. Aka zana fuskarsa da guduma a bayan raksha. In ya zo wurin mai shayi, sai a tashi a ba shi kujera. Duk wanda motarsa ke buƙatar walda, warsharsa yake kawowa, ko da daga Bahri ne, can ƙetaren kogi. Kuma gwargwadon yadda suke ɗaga shi, haka suke sauke sauran. An kankare fuskar Haisam daga sitika. An farfasa tayoyin motar da ke ɗaukar kayan ƙungiyar. Wata rana mai ganga ya fito daga wani wasa ya tarar da sifana a tsaye cikin gilashin motarsa. Da aka ba da labarin a warsha, aka yi dariya, kowa yana satar kallon Usɗa. Shi kuma ya ci gaba da goge gilashin fuskarsa na walda.

A gida, in tallar ta zo, ba ya canza tasha. Matarsa Mariyamu ta lura hannunsa na dama yana ɗagawa yana sauka a kan matashi daidai inda ƙarar take.

"Abu Sulafa," ta ce masa wata rana, tana kiransa da sunan 'yarsu, "kai fa so kake su kira ka."

"Wa ya ce?"

"Matashina ya ce. Dubi yadda ka lotsa shi."

Haisam ya zo wata Talata da rana tsaka, a mota mai baƙin gilashi, ya ajiye ta nesa da layin. Ya sumbaci kan kawunsa, ya zauna a kan tsohuwar taya, yana ta waige.

"Kawu, Juma'a muna da babban wasa a dandalin bakin Nilu, a Umdurman. Dubban mutane. Ina so ka hau da sifirinka. Na gaske."

"Kwamfutar ta yi zazzaɓi ne?"

"Kawu, don Allah."

"Ka tuna da ni ne, ko ka tuna da sifana?"

Haisam ya ce, "A Bahri sun jefe ni da ɗaya. Nan ta wuce." Ya nuna gefen kunnensa. "In suka gan ka kusa da ni, khalas, magana ta ƙare. Ba wanda zai ce mun sayar da kanmu in kana tsaye a wurin."

Salahuddin ya gane sarai. Garkuwa ake nema, kuma shi ne garkuwar. Ya kamata abin ya yi masa ciwo, ya tsaya yana jiran ciwon, bai zo ba. Abin da ya zo shi ne hoton fitilu, da jama'a har bakin ruwa, da ƙarar ƙarfensa tana haye kogin zuwa Khartum.

"Ka turo mota bayan masallaci," ya ce. "Sifirin yana da nauyi."

Bai gaya wa kowa ba sai Mariyamu. Amma kafin Alhamis an manna hotunan wasan a bakin gada da jikin turakun lantarki, kuma ga shi a tsakiya, da guduma a kafaɗa. Ya jira a tambaye shi. Ba wanda ya tambaya. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi. Nagoggo ya wuce ta ƙofar warsha, ya ɗaga hannu, ya ce, "Usɗanmu," ya daɗe yana murmushi kafin ya tafi. Mai shayi ta kawo masa jabana, 'yar butar gahawa, ba tare da ya aika ba, ta ajiye, ta ƙi haɗa ido da shi.

Ranar Juma'a Mariyamu ta goge masa sabuwar rigar aiki, shuɗiya. Ya sa ta a leda don kada a gani. Bayan masallaci ya haye gada zuwa Mantiƙa. Layin shiru, shagunan a garƙame, amma raksha sun yi jerin gwano a ƙofar warsharsa, sun fi na kowace Juma'a yawa. Tun kafin ya shiga ya ji warin. Mai walda ba ya kasa gane warin sabuwar walda.

Suna zaune a ƙasa, cike da wurin, kowa da sifanarsa a cinya. Ba mai shan shayi. Sun bar masa siririyar hanya a tsakiya, ya bi.

An cire sifirin daga sarƙa. An manna shi da ginshiƙin ƙarfen da ke riƙe da rufin, an yi masa walda sama da ƙasa da tsakiya, walda mai kauri, an bi an sake bi. Jikinsa ya yi shuɗi-shuɗi saboda wuta. Injinsa na walda yana gefe, da sauran ɗumi.

"Mun ji an ce ɓarayi za su zo ɗaukarsa yau," in ji Nagoggo. "Muka ce, ina, kayan Usɗa? Muna raye? Yanzu sai dai su tafi da rufin."

Wasu suka yi 'yar dariya.

"Kuma mun ga hoton," Nagoggo ya ci gaba, a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. "Sun sa ka ba da izininka ba. Haka ne, ko? Na ce musu haka ne. Na ce Usɗa bai ma sani ba."

Ya miƙa masa guduma ta ƙota.

Salahuddin ya karɓa, ya buga. Ƙarfen ya ce ƙwaf, kamar an jefa dutse a laka. Sifirin da aka ɗaure ta ko'ina, aka kuma dafa shi da wuta, ba ya ƙara yin kuka. Ya dubi fuskokin. Rabin mutanen nan da ƙarfe suke cin abinci. Babu wanda bai san abin da wuta za ta yi ba tun kafin a kunna injin. Kuma babu wanda ya nuna mamaki. Sun zauna suna kallonsa da ƙauna.

Ya san wani abu kuma, su ma sun sani. A tarin tarkacen da ke bayan benci akwai wasu sifirin, tsofaffi, kuma da wuya a rasa mai murya a cikinsu. Ba abin da zai hana shi ya ja ɗaya, ya bi siririyar hanyar nan ya fita. Ba su taɓa tarin ba. Sun bar masa shi a buɗe, su ga abin da zai yi.

A waje aka yi hon. Wayarsa ta fara rawa a aljihu. Ya ciro, sunan Haisam ne.

"Kawu, ga mu a bakin layi. Ni da kaina na zo, da mai ganga. Mu shigo mu taya ka ɗauka?"

Wurin ya yi tsit har ana jin muryar daga wayar. Nagoggo ya karkata kai.

"Shi da kansa?" ya ce. "Masha Allah. Ya yi kewar gida."

Wasu maza biyu da ke kusa da ƙofa suka miƙe, suna kaɗe wando. Na uku ya bi su. Ba su ajiye sifanunsu ba. Ba sauri suke yi ba.

"Ka tafi," Salahuddin ya ce a wayar. "Ba na zuwa. Ka juya motar yanzu."

"Kawu, me ya—"

Ya kashe. Ya ajiye ledar rigar a kan benci, ya kama guduma da hannu biyu, ya dage ya sauke ta a kan mataccen ƙarfen da duk ƙarfinsa. Ginshiƙin ya girgiza, tsatsa ta zubo daga rufi. Ya sake bugawa, ya sake, a kan bugun waƙar da suka fi so, wadda ba a taɓa sawa a talla ba. Sifana ɗaya ta amsa a siminti. Sai goma. Mazan da suka kai ƙofa suka tsaya, suka waiwayo. Biyu suka dawo suka tsuguna. Na ukun ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje, yana buga tasa a jikin ƙyaure.

Kowane bugu yana komo masa ta ƙota har kafaɗa, don ƙarfen ba ya karɓar komai. Gumi ya shiga idonsa. Ƙarar sifanu ta cika warshar har kwanon rufi yana amsawa, kuma a cikinta ba yadda za a yi mutum ya ji tashin mota a bakin layi. Bai san ko Haisam ya juya ba, ko yana nan zaune yana sake kira, ko ma ya buɗe ƙofa ya taho da ƙafa don ya ji ba'asi. Nagoggo yana gefensa, idanu a rufe, yana kaɗa kai. Salahuddin ya dubi mutumin da ke bakin ƙofa, ya ƙara ɗaga guduma.